Ramatu Mai Awo da Sitiyarin Abdulmumini

A kasuwar Dakoro, layin 'yan hatsi, akwai wata rumfa da ba abin da ya raba ta da sauran sai mai zama cikinta. Ramatu ke nan, mai awo. Gero take aunawa da dawa da wake, tiya-tiya, tun tana amarya har yau da ta aurar da 'yarta Haula a Korahane. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan dariya a kasuwa, kuma duk manomin da ya taɓa sauke mata buhu ya san halinta. Ba ta kallon saman buhu. Hannu take turawa har gwiwa ta damƙo na ƙasa, ta murza, ta shinshina, ta jefa ƙwaya a baki. In ka zuba mai kyau a sama ka ɓoye mai tsakuwa a ƙasa, ba za ta zage ka ba. Tafin hannunta kawai za ta buɗe a gabanka ta yi shiru, kai da kanka za ka gwammace zagin. Mutanen Ɗan Gulbi har gargaɗin juna suke yi a hanya, wanda ya san buhunsa ba shi da gaskiya kada ya bi ta rumfar Ramatu.

Mijinta Abdulmumini direban babbar mota ne, ko kuwa a ce a da. Motar Elhaji Sallau yake ja, yana ɗaukar hatsi da dabbobi tsakanin Dakoro da Maradi, wani lokaci har ƙetaren iyaka. Kowane direba da irin odarsa, amma tasa duk gari an san ta. In ya shigo, tun daga wajen tasha zai danna gajeru biyu da doguwa ɗaya, yara su bi motar a guje suna fassarawa: "Ra-ma-tuuu!" Tun tana jin kunya tana rufe fuska da gyale har ta saba. Da ta ji, sai ta kife tiya, ta bar wa maƙwabciyarta rumfa, ta nufi gida ɗora tukunya. Matan layi suna yi mata tsiya, wai ita kaɗai ce matar da gari duka ke sanin lokacin girkinta.

Da damina abin ya faru. Taya ta fashe masa a hanyar Maradi yana ɗauke da kaya, ga amalanke a gabansa cike da mata. Ya karkatar da motar ta bar hanya don kada ya bi ta kansu. A cikin matan ba wadda ta ko ƙwarzane, shi kuwa sai da aka yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Mutane suka yi ta zuwa dubiya ana sa masa albarka, Elhaji Sallau ma ya yi abin da ya kamata. Daga nan masu zuwa suka ragu, kowa ya koma ga abin da ke gabansa.

Ciwon ya warke, mutumin ne bai warke ba. An kawo masa sandunan dogarawa, ya jingine su bayan ƙofa. Ya zauna a ɗaki fuskarsa ga bango, rediyo ma ya hana a kunna. Abokansa na tasha in sun zo ya ce a ce musu yana barci. Mutumin da in ya ɗauko labarin hanya sai tuwo ya huce, ya koma daga "to" sai "a'a". Abin da ya fi ci wa Ramatu rai hannuwansa ne. Takan gan su a kan cinyarsa a buɗe, ba abin riƙewa, wani lokaci yatsun suna motsi su kaɗai. Ita ta san hatsi: wanda aka jibge wuri ɗaya ba a juyawa daga ciki yake lalacewa, kafin a gani a waje ya gama. Tsoro take ji ƙwarai, kada mijinta ya ƙare mata a zaune tana kallo.

Tana da ƙane a Maradi, Mudathir, mai shagon gyaran waya da kwamfuta. Magidanci ne da 'ya'yansa, amma a wurinta har gobe yaron da ta goya ne. Wata rana ta je sayen buhuna, ta biya ta shagonsa ta sha ruwa. Tana zaune sai ta ji odar babbar mota daf da kunnenta, har ta zabura ruwan ya zube mata a zane. Ta leƙa titi, babu mota. Shagon da ke jikin nasa na wasannin kwamfuta ne, wani saurayi ne zaune gaban allo da ɗan sitiyarin roba a hannu, yana jan gingimari a wata hanya mai santsi da korayen itatuwa. Ta tsaya a bakin ƙofa da kofi a hannu. Saurayin ya shiga kwana a guje, motar ta kwanta.

"Kai, da kaya a baya aka shiga kwana haka?" in ji ta. "Wa ya ba ka mota?"

Samarin suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta koma shagon ƙanenta ta zauna.

"Mudathir, wanga abu ana sayenshi?"

"Ana saye, Yaya, amma ba namu ba ne. Wanda anka haɗo daga kanti, ko kin saida rumhwarki da abin da ke ciki ba ya isa." Ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta. "Sai dai in mutum na da haƙuri. Shina iya sayen kayan cikin ɗai-ɗai, na hannu, in sun cika a haɗa."

Da ya san wadda yake gaya wa, da bai ce ɗai-ɗai ba. Ai duk sana'arta ke nan: a saya da kaka lokacin da kaya ya faɗi, a ajiye, a jira. Nan take ta sa ya buɗe mata cikin wata kwamfutar da aka kawo gyara. Ya nuna mata babban faranti da komai ke hawa kansa, ya ce sunansa kart mer, ita kuwa ta ce uwa, daga ranar kuma uwa ta zama. Ya nuna mata furosesa, ɗan ƙaramin abu da bai kai akwatin ashana ba, ya ce shi ke tunani. Sannan ya ɗago wani mai fanka a jiki, kart girafik, wanda ke zana hoton da ake gani. Ya ce duk mai haɗa kwamfutar wasa a nan yake zuba rabin kuɗinsa, sauran a lallaɓa.

"Allo hwa?"

"Telen gidanku ta isa."

"Abin da ke hidda murya hwa? Lasihika?"

"Ita ma ta jikin tele ta isa, Yaya. Kada ki ɓata kuɗi."

"Ba ta isa ba. Oda nika so ta hito kamar oda."

Bai tambaye ta dalili ba, don shi ma yana cikin waɗanda suka taɓa bin motar nan suna ihu. Ta ja masa kunne kada maganar ta kai ga Baban Haula, ya yi alkawari.

'Yan kayan kwamfuta na Maradi ba su taɓa ganin irin wannan mai saye ba. Mace da gyale da ƙurar gero a gefen zane, ba ta san sunan komai daidai ba, amma ba ta yarda a miƙo mata abu a leda. "Ba ni cinikin biri a sama," in ji ta. Sai an jona, an kunna, ya yi aiki a gabanta har ya ɗau zafi, ta kai bayan hannu kusa da shi, ta sunkuya ta shinshina. Ba kullum hancin nata ke yin daidai ba. Ta taɓa ƙin ram lafiyayye, wasu 'yan siraran sanduna da kwamfuta ke riƙe aikinta a ciki, wai ba su da nauyi, abin da ba shi da nauyi kuwa ƙaiƙayi ne. Sai da Mudathir ya rantse mata cewa duk haka suke. Da aka zo kan akwatin da ke raba wuta, ita ta so na hannu mai araha, shi ya kafe sai sabo. Ya ce kuran na Dakoro, wato wutar lantarki, zuwa yake yana komawa, in wannan ya ƙone da sauran zai tafi. Ta dube shi ta ga ya san abin da yake faɗa, ta biya ba ta ƙara magana ba. Gangar jikin kuwa ta wata tsohuwar kwamfutar ofis ce da ta mutu a shagonsa, ya goge ya ba ta.

Wata rana ta tambaye shi yaushe ne kakar waɗannan kaya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, wai kwamfuta ba a gona take fitowa ba. Ta ce kowane kaya da ranar faɗuwarsa, ya dai sa ido. Ashe kuwa da gaskiyarta. Da bazara wani Abarci mai shagon wasanni ya tashi komawa garinsu, yana neman rabuwa da kayansa cikin gaggawa. Mudathir ya kira ta, ta sayar da ragon da take kiwo don Layya, ta hau mota. Ta sa aka jona katin hoton, aka yi ta jan mota da shi har Abarci ya gaji ya fara hamma. Hoton kuwa tubarkalla, har inuwar itatuwa ana gani a kan kwalta. Ta yi ciniki irin na 'yan hatsi, ta tashi kamar za ta tafi, aka kira ta, ta dawo. Ta fito da katin a ƙunshe cikin sabon ɗankwali, zuciyarta fari ƙal.

Mudathir ya ce ta bari a shagonsa. Ta ƙi. Ta san ƙanenta, hannunsa a sake yake, aboki na zuwa ya ce ara mini kwana biyu zai miƙa. Sauran kayan ta tura su ƙarƙashin gado cikin kwalla, amma wannan ya fi ƙarfin ƙarƙashin gado. Akwai ɓera, akwai gara, ga damina na tafe da raɓa. A duk duniyarta wuri ɗaya ta sani da ba abin da ke shiga ya yi ɓarna, shi ne tano, gangar ƙarfen da take ajiye wake a sitonta na kasuwa. Ta buɗe, ta tura katin cikin wake har tsakiya, ta ƙulle ƙwayar maganin ƙwari a tsumma, wadda 'yan hatsi ke kira bom, ta jefa. Don ƙarin tsaro ta ƙara wata. Ta rufe murfi, ta ɗaure bakin da roba yadda iska ba za ta shiga ba. Haka uwarta ke ajiye abin da take ji da shi, haka duk layin suke yi.

Saura sitiyari. Mudathir ya samo mata na hannu, na roba, da abin takawa. Ta juya shi a hannu ta ga bai fi faifai ba. Ta san mijinta, in ta kai masa wannan kamar ta zage shi ne. Sai ta nufi gidan Elhaji Sallau. Gawar motar tana nan bayan gidansa, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce sitiyarin ta zo roƙo.

"Mi za ki yi da shi, Ramatu?"

"Mai shi zan kai ma, Alhaji."

Elhaji Sallau ya sa aka kwance mata, ta kawo maganar kuɗi ya ɗaga mata hannu. Sitiyarin yana nan da jar fatar da wani baduku ɗan Azagor ya naɗe shi da ita, ta yi baƙi ta yi sulɓi a wurare biyun da hannun Abdulmumini ke zama. Ta kai wa Yazidu mai walda, ya yi ta juya na robar da na ƙarfen yana sosa ƙeya. Ya ce wannan zai karya wuyan wancan. Ta ce shi ya sa ta zo wurinsa ba ta je wurin tela ba. Ya ƙera masa ƙafa ta ƙarfe da abin da zai ɗauke nauyin, yadda babban zai juya ƙaramin ba tare da ya danne shi ba, ya bar wa Mudathir wurin da zai jona maɓallin oda a tsakiya.

Aka shiga damina aka fita. Lasifika ta samu, babba, irin ta masu shagon caji. Furosesa kaɗai ya rage, shi ma an daidaita da mai shi a Maradi. Mudathir ya zo Dakoro ranar kasuwa don ya duba kayan duka kafin a biya na ƙarshen. Suka shiga sito suka turo ƙofa. Ta kwance robar tano, ta bari warin ya fita, ta tura hannu cikin wake har kafaɗa. Waken lafiya lau, ko ƙwaro ɗaya babu. Ta zaro ƙunshin ta miƙa masa tana murmushi.

Ya kwance ɗankwalin, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Haƙoran katin da suke ƙyalli kamar zinariya ranar da aka saya sun dusashe, duk inda jan ƙarfe yake ya yi baƙi, wani wurin kore-kore. Ya kankara da farce, abin ya biyo farcen.

"Yaya, mi kinka sa cikin tanon ga?"

"Bom. Biyu ma na sa."

Ya dafe kai. Ya ce hayaƙin da ke kashe ƙwarin shi ke cin jan ƙarfe, ya sha ganin wayoyin masu sito da aka kawo masa sun mutu haka. Bai taɓa tunanin ya gaya mata ba, don bai taɓa tunanin mutum zai binne kart girafik cikin wake ba. Duk da haka ya tafi da shi wurin wani mai kwamfuta a gari, suka goge, suka jona. Fanka ma ba ta motsa ba.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ramatu ta zauna a kan buhu, ɗankwalin a cinyarta. Ba mace ce mai kuka a gaban ƙanenta ba, ranar kuwa ta yi. Ba ragon ne ya fi yi mata ciwo ba. Ita da ke alfahari ba a taɓa cutarta a ciniki ba, ga shi ta cuci kanta da hannunta, kuma da iyakar sanin da take da shi ta yi.

Mudathir ya bari ta share fuska, sannan ya kawo shawara. Ya ce a mayar da lasifikar, a sayar da sitiyarin roba, a haɗa da abin da aka tanada don furosesa a nemi wani katin, sauran kuma a jira kaka mai zuwa.

"Ba ni da wata kaka," in ji ta. "Shekaranjiya ya ce in kyautar da kayan shayinshi na hanya. Buta da kohuna da murhu, duka. Ka san mutumin ga da shayi. Wanda ya ce a kyautar da butarshi, mi ya rage?"

Mudathir ya ce akwai wata hanya, sai dai shi kunyarta yake ji. Akwai furosesa mai ɗan katin hoto a cikinsa, uwar da suka saya za ta ɗauke shi, kuma abin da ke hannunta zai isa. Amma sai an rage komai. Inuwa babu, ciyawa babu, itatuwa kamar yaro ya zana da gawayi. In samarin Maradi suka gani dariya za su yi masa.

"Hanya za ta ganu?"

"Za ta ganu."

"In ya juya sitiyari motar za ta amsa, ko sai ta yi shawara?"

"Za ta amsa, Yaya."

"To ƙaƙa kake jin kunya? Mutumin da ya yi shekaru shina tuƙi da tsagaggen gilashi, inuwar itace ce za ta dame shi? Tahi ka sawo."

Ya tafi ya sawo. A cikin siton suka haɗa, tsakanin buhunan dawa, shi yana ɗaurawa ita tana riƙe masa fitilar waya. Da ya danna maɓalli fanka ta juya, ta ce alhamdu lillahi a hankali. Hoton kuwa yadda ya faɗa ne, da babu gara ba daɗi. Abu ɗaya ya yi musu daɗi da ba su nema ba: abin bai da cin wuta, ko kuran ya tafi batirin solar gidan zai riƙe shi.

Da hantsi aka kawo kayan gida a amalanke. Mudathir ya shiga ya gaida mijin yayarsa, ya jona komai da tele, ya kafa sitiyarin a gaban kujera, ya sulale ya fita, don ya ga fuskar maigidan. Abdulmumini ya dubi allon, ya dubi jar fatar nan, ya daɗe a kanta. Da ya buɗe baki, magana mafi tsawo ce da ya yi a shekarar.

"Ramatu, ni kinka kawo ma wasan yara? Ina da ɗiya a ɗakin miji? Ƙahwa na rasa, ban rasa hankali ba. Hidda min abin ga."

Maganar ta soke ta, ba ƙarya. Da wata mace ce, da tuni ta fara lissafa masa rago da zirga-zirgar Maradi. Ramatu ba ta ce masa ko ɗaya ba.

"Wa ya ce naka ne, Baban Haula? Nawa ne. Tele dai a ɗakinka take."

Ta gyara ɗaurin zane, ta zauna a kujerar, ta kama sitiyari. Ya juya wa allon baya.

Jama'a, an sha ganin mugun tuƙi a ƙasar nan, amma na Ramatu daban ne. Tun kafin ta fita daga tashar da ke cikin wasan ta kwashe ƙofar. Ta hau hanya ta ɓangaren da ba nata ba. Injin yana kuka a lasifika kamar ana yanka shi, ita ta danne totur ba ta san ana sassautawa ba. Da gaske ba ta iya ba, amma wanda ya san ta zai ce tana ƙara gishiri. Ta yi ta yi har azahar, ta tashi ta yi salla ta tafi kasuwa. Kashegari da safe ta sake zama. Shi yana kwance fuskarsa ga bango, amma ta lura da kafaɗarsa. Duk lokacin da injin ya yi ƙara fiye da kima sai kafaɗar ta ɗaga. Rana ta gaba ta ji ya yi tsaki. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta nufi wata gangara mai kwana da tirela cike da kaya, ƙafarta a kan totur.

"Birki," in ji shi, can ƙasa-ƙasa.

Ta ƙara dannawa.

"Birki na ce! Ke, da kaya a baya? Tashi! Tashi, za ki kashe mutane!"

Ta tashi. Ya jawo jiki daga katifa ya dafa kujerar ya hau, ko taimakonta bai nema ba. Hannuwansa suka sauka a wuraren nan biyu da fatar ta yi baƙi, ba tare da ya duba ba. Ya laluba abin takawa da ƙafar hagu, ya yi gunaguni wai ƙafar kuloci ce aka mayar ta totur. Motar ta yi tangal-tangal, sannan ta miƙe. Kukan injin ya sauka ya daidaita.

"Wanga wace ƙasa ce, ba jaki ko ɗaya a hanya?" in ji shi, ba tare da ya dube ta ba.

Ta fita tsakar gida ta ɗauki faifai, ta zauna tsintar wake. Ranar ba ta je kasuwa ba. Tana jin injin ta taga, yana hawa yana sauka, ta san lokacin da ya ɗauki tudu da lokacin da ya sassauta don kwana. Ya yi azahar a zaune ya koma. Oda kuwa bai taɓa ta ba. Ta ce a ranta ba komai, ko iya nan aka tsaya ta gode Allah, amma kunnenta bai bar tagar ba.

Bayan la'asar, rana ta yi sanyi, ta ji injin ya fara raguwa kamar mai shigowa gari. Sai lasifikar nan da Mudathir ya so a mayar ta buɗe baki, har kajin tsakar gida suka watse. Gajeru biyu, doguwa ɗaya.

Daga bayan katanga wasu 'yan matan maƙwabta, waɗanda suka girma da wannan kiran, suka amsa da ƙarfi suna dariya: "Ra-ma-tuuu!"

Faifan ya karkace a hannunta, wake ya zube ƙasa, ba ta bi ta kansa ba. Ta kai gefen gyale ta rufe fuska kamar lokacin da take amarya. Tana nan a haka ta ji muryarsa daga ɗaki.

"Ramatu, kin kyautar da butar nan?"

"Tana nan."

"To kawo ta. Ki miƙo min sandunan ga na bayan ƙohwa, a waje zan sha."

Ta miƙa masa sandunan, ta ɗauko buta daga inda ta ɓoye ta, ta hura masa gawayi. Sannan ta je ta ɗora tukunya.